Yajin Wada

Tasawa, 6 ga Maris 1985

Zuwa ga Yaya Habsatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Gazali da yara. Yaya kuke fama da wannan fari? Mu dai nan sai godiya.

Na ga saƙon ta'aziyyarki. Kin ce in yi haƙuri, ina yi. Amma ke kaɗai zan gaya wa, ba tari ne ya kashe mijina Wada ba, Mai Nasara ne.

Kin tuna shi a farin saba'in da huɗu, da ya zo daga Gidan Amumune, awakinsa sun mutu, ba ko takalmi. Wada ya ajiye shi a zaurenmu, ya koya masa gashin nama a tasha. Wada ne ya fara naɗe nama da burodi a takarda tun kafin mota ta tsaya, fasinja ya miƙo hannu ta taga ya karɓa. Yau Mai Nasara yana da rumfa bakwai masu koren fenti, daga Mayahi har Maraɗi, dukansu da sunan Ɗauki-ka-wuce. A rediyo ya ce shi ya ƙirƙiro.

Bara ya fara sayen dabbobin da yunwa ta kayar, wasu ma ba a kai ga yankawa ba. Wada, da ke gasa masa nama, ya ce ba zai gasa wa Musulmi mushe ba. Bayan kwana uku jandarmomi suka zo, wai an ce Wada ya ɓoye dawar taimako. Ba su sami ko tiya ɗaya ta dawa ba, amma wata huɗu ya yi a tsare. Yadda ya fito da tarin nan kin sani.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Zara'u

Tasawa, 20 ga Afrilu 1985

Yaya Habsatu,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi?

Mai Nasara ya zo jiya da buhun shinkafa. Daga bayan labule na amsa shi, ina takaba. Ya yi addu'a doguwa, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Yajin da ke rumfunansa ya kusa ƙarewa. Shekara goma sha ɗaya ni nake daka shi, haɗin da uwar Wada ta koya mini, ba wanda ya sani sai ni. Ya sa wasu sun gwada, direbobi sun ce ba shi ba ne. Yana so ya buɗe rumfa ta takwas a Yamai, da manyan soja a wurin.

Na ce ya bari in fita takaba. Ya tafi yana murna. Shinkafar na aika wa masu gudun yunwa da ke kwana bayan tasha, ko ƙwara ba ta shiga tukunyata ba.

Taki, Zara'u

Mayahi, 9 ga Yuli 1985

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya, kuma ruwan nan ya iso gonarku.

Na fita takaba, na yi wanka, na ɗauki turmina na hau mota zuwa Mayahi ranar kasuwa. Na ajiye shi daidai gaban rumfar Mai Nasara. Na kira masu ƙosai da masu awara da matan mahauta, na baje kayan a faifai. Na nuna musu yadda ake toya kimba kafin daka, da ma'aunin citta, da busasshen ɓawon lemon tsami da ba wanda ya taɓa ganowa. Hassana mai tuwo ta sa na maimaita sau uku. Kyauta na ba su, kowa na ji.

Ya iso kafin la'asar, ya tsaya da babbar riga. Ya rage murya ya ce wannan abin gidanmu ne, in ji tsoron Allah. Na ce masa mai gidan yana maƙabarta, ya je can ya yi ƙara. Matan suka yi ta dariya har ya koma mota.

Yanzu kowace yarinya mai tire tana da yajin, direbobi ba sa ƙarasawa koriyar rumfa. An ce ya ɗage buɗe ta Yamai.

Na zaci zan ji sanyi a raina, Yaya. Ban ji ba. Duk inda na juya a tasha ƙamshin rigar Wada nake ji, sai in nemi gindin bango in yi kuka. Amma jibi kasuwar Gidan Amumune ce, garin su Mai Nasara, kuma da turmina zan je.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki, Zara'u