Ƙarya Biyu a Kan Karya Ɗaya

Salama gare ku 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan cocinmu a group ɗin nan kuma bakinsu ba ya shiru. Shawara nake nema, don Allah ku ba ni ita kafin ranar Asabar. Na san da kun ji maganar kare ce wasu za su taɓe baki su ce wannan ta ƙoshi, ku dai yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe sannan ku zage ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, ina zaune a Longsight ni kaɗai a wani ɗan flat, shekarata shida ke nan a ƙasar nan. Wanda bai taɓa dawowa daga shift na awa sha biyu ya buɗe ƙofa ya tarar da ɗaki shiru, ba mai ce masa sannu da zuwa ba, ba zai gane abin da ya kai ni neman kare ba. A gida Kafanchan muna da karnuka, amma na tsakar gida ne, a zuba musu ƙanzo su yi gadi, shi ke nan. Nan kuwa wata abokiyar aikina ce ta zo da nata wata rana, irin ƙananan nan da ake kira Yorkie, ya hau cinyata ya yi barci, daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba.

Kuma ban yi gaggawa ba, wannan kam zan yabi kaina. Na yi karatu kamar mai shirin jarrabawa. Na ga masu talla a intanet suna cewa nasu ya fi na kowa ƙanƙanta, har a kofin shayi suke saka su suna ɗaukar hoto, na bincika na gane yawancinsu marasa lafiya ne aka matsa wa iyayensu haihuwa. Wani ma cewa ya yi mu haɗu a gidan mai ya miƙo mini ta tagar mota, na ce ina so in ga uwar, sai ya daina ɗaga wayata. A ƙarshe na samu wata dattijuwar Baturiya a wani ƙauye bayan gari, na je gidanta har sau biyu, na ga uwar tana shayarwa, na ga takardun rigakafi da na likitan dabbobi, na jira wata huɗu kafin layi ya zo kaina. Matar nan ta yi mini tambayoyi kamar ɗanta zan aura. Ta ƙarshe ita ce, wa zai zauna da 'yar karyar da rana in kina wurin aiki? Ta ce irin waɗannan cikinsu ƙarami ne, sai an riƙa ba su abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, in suka daɗe ba su ci ba sugansu faɗuwa yake yi. Na san in na faɗi gaskiya ba za ta ba ni ba, sai na ce ai tare muke zaune da yayar mahaifiyata, ba ta zuwa ko'ina. Wannan ce ƙaryata ta farko.

Yayar mahaifiyar tawa kam akwai ta, Mama muke ce mata, sai dai a Birmingham take, a Sparkhill, kuma a lokacin ko labarin ba ta sani ba. Da na tura mata hoto cewa ta yi, "Wannan ɓera ne ko kare? Ke yanzu da hankalinki za ki kwana da dabba a ɗaki?"

Baturiyar dai ta ba ni 'yar karyar, na sa mata suna Mimi. Ranar da na ɗauko ta a aljihun kwat ɗina ta yi barci har muka iso gida. Hutun sati uku na ɗauka saboda ita, na koya mata wurin fitsari, na koya mata sit da come, da Turanci nake mata komai don haka na ga ana yi. Wallahi sati ukun nan su ne mafi daɗi da na yi a Ingila. Da hutu ya ƙare sai na riƙa cika mata kwano in fita tun shida da rabi, ina ce wa kaina ai za ta ci in ta ji yunwa. Ashe in ba kowa ba ta ci. Rana ta huɗu na dawo na same ta kwance bayan ƙofa tana karkarwa, idonta a juye, ko kanta ba ta iya ɗagawa. Ni da nake auna sugan marasa lafiya kullum a asibiti, ni ce na bar tawa ta kusa mutuwa. Likitan dabbobi ya ceto ta, amma kallon da ya yi mini da ya ji awa nawa ta yi ita kaɗai, har yau ina jin sa a jikina.

Ba yadda zan yi, na kira Mama ina kuka. Shekara guda ke nan a lokacin da rasuwar mijinta, 'ya'yanta duk sun watse, ita kaɗai ce a gida, ko coci sai an ja ta. Ta yi mita ta gaji, sannan ta ce in kawo amma na wata biyu kawai, kuma a kicin abar za ta kwana. Na kai ta da jerin dokoki, kada a ba ta albasa ko tafarnuwa ko cakulan ko inabi ko ƙashin kaza, kada a ɗaura mata igiya a wuya don maƙogwaronta ba ƙwari, sai irin ta ƙirji, kada a bari ta diro daga kujera ƙafarta ta karye. Mama tana ji tana cewa ikon Allah, ko jaririn mutum ba a yi masa wannan bidi'ar ba.

Wata biyu ya zama wata bakwai, don an ƙi gyara mini rota, wato jadawalin aikina. Kuma a nan ne abin da ke cin raina ya fara.

Zuwana na farko Mimi ta yi ta tsalle tana lasar fuskata. Na biyu ta yi murna amma ba kamar da ba. Na uku, jama'a, ta zo ta shinshina takalmina, ta kaɗa jela irin ta gaisuwar maƙwabta, ta juya ta haye cinyar Mama. Wai mai kwana a kicin, ashe tun sati na biyu a kan gadon Mama take kwana, har matakala aka yi mata da matasan kai don kada ta diro. An ɗinka mata rigar sanyi da ragowar atamfar zumuntar matan coci. Na kira Mimi, Mimi, har sau uku, ko kunne ba ta motsa ba. Mama ta ce a hankali, "Aro, zo nan," sai ga ta a guje kamar an harbo ta. Na ce wace ce kuma Aro? Mama ta ce sunan da ya zo bakinta ke nan. Turancin da na sha wahala na koya mata duk ya bi iska, yanzu sai zauna, kwanta, bari, zo ki ci. Karyar da na ɗauko daga gidan Baturiya ta koma Bahaushiya ba da izinina ba.

Kun san a wajenmu ba a sa wa kare suna a banza, wani ya sa wa nasa Ba Ruwana, wani Sai Haƙuri, duk magana ce ake jefa wa maƙwabci. Don haka a jirgin ƙasa na komawa Manchester tunanin da na yi ta yi ke nan, me Mama take nufi da Aro? Ni ce na ari abin da ban iya riƙewa ba? Ko gaya mini take yi ni da Mimi zaman aro muka yi? Na ƙulle abin a raina.

Daga nan na zama wata iri, ni kaina ba na son halina. Mama ta sa hotonsu a status ta rubuta "Ni da 'yar autata", na kalle shi ya fi sau ashirin. Da, in ta kira ni tambayarta ita ce na ci abinci, yanzu daga gaisuwa sai Aro ta yi kaza, Aro ta kori tattabara a park, yaran layinsu suna tsayawa su gaishe da Aro. Ɗanta ya kira ni daga Kanada yana godiya, wai Mama yanzu tana fita sau biyu a rana, ta san maƙwabta, likitanta ma ya yaba da hawan jininta. Na ce mun gode Allah. Kishi nake yi, ba zan ɓoye muku ba, kishi da tsohuwa mai shekara sittin da bakwai a kan abin da bai kai kilo biyu ba.

Sai na fara neman laifi. Watan jiya na je ba sanarwa, don na tabbata zan kama ta tana ba ta tuwo da miya, ai na san Mama, miyarta rabi albasa ce. Na shiga kicin kai tsaye. Abin da na gani a jikin firij shi ne dokokin nan nawa, ta sake rubuta su da Hausa da hannunta da manyan baƙaƙe, har ta ƙara wasu da likitan dabbobi na unguwarsu ya gaya mata. A kan tebur take yanka albasa yanzu, ta share ƙasa nan take. Akwai ɗan buroshin haƙori na Mimi a kofi, akwai 'yar kwalbar zuma a jakar hannunta ko da suga zai faɗi a hanya. Sau huɗu take ba ta abinci, da agogo. Gashin Mimi yana sheƙi, ta yi ƙwari, ban taɓa ganinta da lafiya haka a hannuna ba. Maimakon in ji daɗi sai na ji kamar an mare ni. Na fara faɗa a kan suna, na ce ba ta da ikon canja wa karyata suna, na ce taimako na nema ba ƙwace ba. Mama ba ta rama ba, ta ce in yi haƙuri, ta tashi ta zuba mini abinci.

Ranar Lahadin da ta wuce na yi ƙarya ta biyu. Akwai ɗan chip da ake sa wa karnuka a ƙarƙashin fata mai ɗauke da suna da adireshin mai su, na Mimi sunana ne da adireshina na Longsight. Sai na kira Mama na ce doka ta ce dole kare ya zauna a adireshin da ke kan chip ɗinsa, in council, wato hukumar unguwa, suka gano tana Birmingham za su ƙwace ta, ni kuma in shiga matsala a wurin aiki. Gaskiyar maganar, abin da ake so kawai shi ne a gyara bayanan su dace da inda karen yake zaune, aikin 'yan mintuna ne a waya. Amma na san Mama, da ta ji kalmar council jikinta sanyi yake yi. Sai ta ce, "To 'yata, kada ki shiga uku saboda ni, ki zo ki ɗauke ta."

Na sayi tikitin Asabar. Na samu wata mata da za ta riƙa leƙa Mimi sau ɗaya da rana a ranakun dogon shift, kwana uku a sati. Mimi ta girma yanzu, ba lalle ta sake faɗuwa ba. Amma leƙen rabin awa ba ɗaya yake da cinyar Mama ba, ni ma na sani.

Jiya da rana ina hutun cin abinci Mama ta kira. Ta ce ta wanke rigunan sanyi ta ninke, ta rubuta mini lokutan abinci a takarda, ta ce Mimi tana tsoron ƙarar bas, in ta ji sai a ɗauke ta a rufe mata kunne da tafin hannu. Ta tambaye ni ko council za su hana in ta riƙa zuwa Manchester ganinta ko sau ɗaya a wata. Na ce ba za su hana ba. Sai ta ce wai tun Litinin ta fara kiranta Mimi don ta saba kada ta sha wahala a wurina, amma bakinta ya ƙi, da ta buɗe sai Aro ya fito. Na daure na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, na ce Mama don Allah me ya sa Aro? Ta ce, "Ai ba don ke na sa ba, don kaina na sa. Kwananta uku a gidan nan na ji ina sonta, na tsorata. Na ce bari in sa mata sunan da duk na kira zan tuna ba tawa ba ce."

Na shiga banɗakin asibiti na yi kuka har aka zo ana ƙwanƙwasa ƙofa.

To 'yan uwa ga inda nake. Ni na neme ta, ni na jira ta wata huɗu, ni ma ɗakina shiru ne, kuma har yanzu in na tuna yadda take gudu wurin Mama zuciyata zafi take yi, kukan bai wanke kishin ba. In na ɗauko ta na raba tsohuwa da abin da ya fito da ita daga ɗaki, kuma da ƙarya. In na faɗi gaskiya ban san da wane ido Mama za ta sake kallona ba, matar da ta goya ni ina ƙarama. Akwai hanya ta uku, in ce mata na binciko an ce ba komai, in mayar da chip ɗin sunanta in yi shiru, amma wannan ƙarya ta uku ke nan kuma na gaji.

Jakar ɗaukar Mimi tana nan bakin ƙofa tun ranar da na kai ta. Don Allah ku gaya mini, ranar Asabar in tafi da jakar ko in bar ta a gida? In kuma barin ta zan yi, da wace kalma zan fara yi wa Mama magana?