Na Karɓi Sammacin Gwaggo Na Ɓoye a Mota

Mista Whitlow, don Allah ka taimake ni da shawara. Na gaji, kuma duk wanda zan faɗa wa wannan magana, kafin Lahadi ta zaga cocinmu.

Shekarata talatin da huɗu, ina aiki a wani kantin magani nan Dayton. Ina da shekara goma sha tara na shiga wata makarantar kuɗi don koyon zanen tufafi. Rancen gwamnati bai isa ba, sai na ciyo dala dubu ashirin da shida a banki. Suka ce sai da mai tsaya mini. Gwaggo Verlene, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun rasuwarsa, ta sa hannu a kan teburin kicin ɗinta, ko karantawa ba ta yi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ke dai ki gama, ki ɗinka mini rigar da zan sa ranar bikinki." Makarantar ta rufe ina shekara ta uku. Bikin ma ba a yi ba.

Na yi shekaru ina biya, har aiki ya tsaya mini, na daina. Shekara biyar ke nan. An sayar da bashin sau biyu, yanzu wai ya haura dubu arba'in da ɗaya. Wani mai suna Todd ne ke kirana daga kamfanin masu karɓar bashi, da murya kamar tare muka yi firamare. "Haba 'yar'uwa, ni ma bashin makaranta ne a wuyana, na san zafin. Ki ba ni dala hamsin kawai ta waya, in nuna wa oga kina da niyya, mu dakatar da komai."

Ga inda na yi abin kunya. Gwaggo tana fama da gwiwa, akwatin wasiƙarta kuma yana can bakin titi, don haka ni nake ɗauko mata sau uku a mako. Shekara biyu ke nan duk ambulan da ya zo da sunanta daga mutanen nan, sai in zare in jefa a but ɗin motata. Sun cika kwalin takalmi. Har albarka take sa mini: "Ke kam, 'yar nan, tun da kika fara ɗauko mini wasiƙu ko takardar banza ba na gani."

Kwana goma sha ɗaya da suka wuce, ma'aikacin gidan waya ya zo da wasiƙar rajista, irin wadda sai an sa hannu. Gwaggo tana gyangyaɗi a gaban talabijin, sai na sa hannu na karɓa. A mota na buɗe. Sammacin kotu ne, sunana da nata, an ba da kwana ashirin da takwas a mayar da amsa.

Shekararta saba'in da biyu, tana da hawan jini. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana girki a kicin ɗin makarantar firamare kafin ta gama biyan bashin gidanta. Ranar da ta gama, ta tara maƙwabta a bayan gida, ta gasa kaji, ta ƙona takardar bashin gidan a gabansu ana tafi. Ta ce daga ranar ba mai sake binta ko sisi. Yaya zan kalli idonta?

Ina da dala hamsin ɗin. Shin in ba wa Todd kuɗin ya tsayar da ƙarar, ta yadda ba sai ta sani ba? Ko akwai wata hanya?

Mai Ɗauko Wasiƙu, Dayton

Ya ke Mai Ɗauko Wasiƙu,

Wasiƙarki ta yi kwana uku kafin ta fito a wannan shafi, saboda haka kwana goma sha huɗu suka rage. Da lissafin na fara don shi kaɗai ne a cikin labarinki ba ya jin lallashi.

Na karanta litattafai masu yawa da gida ke rushewa saboda wasiƙar da wani ya ɓoye don ƙauna. A littafi abin yana da daɗi, mutum ya yi hawaye ya juya shafi. A kotun gunduma kuwa minti huɗu ake yi. A kira suna, ba kowa, alƙali ya ba mai ƙara duk abin da ya nema, a kira na gaba.

Bari mu sallami Todd. Ban ce mugu ba ne. Mai yiwuwa da gaske ana binsa bashin makaranta, wa ba a bi a ƙasar nan? Amma biyansa ake yi ya zama ɗan'uwanki daga ƙarfe tara zuwa biyar. Alkawarin da aka yi ta waya ba ya tsayar da agogon kotu. Kuma dala hamsin ɗin tana iya fin dubu tsada: doka ta yanke wa tsohon bashi wa'adin da za a iya kai ƙara a kansa, biyan ko da ɗan kaɗan kuma yakan iya mayar da lissafin farko. Ban san ko naki ya kusa wa'adin ba, lauya ne zai duba. Kafin nan kada ki biya, kada ki yi alkawari, kada ki ba da lambar asusu. In ya kira, ki ce magana tana kotu, duk abin da yake da shi ya aiko a rubuce. Ki yi masa fatan alheri ki kashe.

Gobe da safe ki kira ofishin lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Ki fara da faɗa musu ranar da wa'adin mayar da amsa zai cika, ki kuma faɗi shekarun Gwaggo, don tsofaffi sukan sami shiga da wuri. Ki tafi da kwalin takalmin gaba ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne amsa a rubuce, a miƙa wa magatakardan kotu kafin ranar, a aika wa lauyan masu ƙara kwafi. Amsa ba ta nufin kin ce ba ki ci bashi ba. Cewa kike yi su nuna takardar da aka sa wa hannu, su nuna yadda bashin ya taso daga banki ya zo hannunsu, su nuna yadda ashirin da shida ta zama arba'in da ɗaya. Bashin da aka sayar sau biyu, wani lokaci takardunsa sukan zube a hanya. In sun kawo komai cif, to, kin ci kuɗin, su ma suna da hakki, sai a zauna sulhu. Wanda ya bayyana a kotu yakan sami ragi da biya kaɗan-kaɗan. Duk yarjejeniyar da za a yi, a rubuce, kuma ta ambaci cewa an saki Gwaggo.

Yanzu ga abin da ba ki so ji ba. Ba za ki iya amsawa a madadinta ba. Ita ma ƙararta aka yi, dole ta mayar da tata amsar da sa hannunta. Hannun da kika sa wa ma'aikacin gidan waya, a idon kotu, yana iya zama shaidar cewa sammaci ya isa gare ta. In ta yi shiru, hukunci zai hau kanta, a iya taɓa asusunta, a iya rataya bashin a kan gidan. Na gane tsoronki game da hawan jini, ba wasa ba ne. Amma ki auna: ta ji daga bakinki tana zaune a kujerarta da sauran mako biyu, ko ta ji daga bakin yarinyar banki ranar da katinta ya ƙi aiki.

Akwai kuma abin da nake zargi. Mutanen da suka san adireshin Gwaggo sun san lambar wayarta. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana gane yaron da ya ɓoye wake a aljihu, anya ta yi shekara biyu ba ta lura wasiƙunta sun rame ba? Ba mamaki Todd yana kiranta gwaggo kamar yadda yake kiranki 'yar'uwa, ita ma tana can tana ɓoye miki don kada hankalinki ya tashi. Ki tambaye ta ko ta taɓa biyansu wani abu. Lauya zai so ya sani.

Ki je yau, da kin tashi daga aiki. Ki tabbata ta sha maganinta, ki ajiye sammacin a gabanta, ki faɗi komai har da shekara biyun, kada ki rage. Za ta yi faɗa. Ki bar ta ta yi, hakkinta ne, kuma faɗan bashin zai fi na ɓoyon sauƙi. In ta gaji da faɗan, ki ce mata akwai sauran kwana goma sha huɗu, kuma gobe ke za ki tuƙa ta zuwa wurin lauya.

Allah ya sassauta mata zuciya, ya bar mata gidanta, ke kuma ya ba ki barci.

Whitlow