Dokar Abba da Baba Shawulu

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Yau Baba Shawulu, aminin Abba, ya zo da allon sikirabul, wasan jera kalmomi da haruffa, karo na farko tun da Abba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Tun ina firamare suke buga wasan nan duk Asabar a barandarmu, kuma suna da wata doka tasu da ba ta cikin takardar ƙa'idojin wasan, na duba. Duk wanda ya jera kalmar Turanci sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, in ya kasa ya kwashe haruffansa.

Likita ta ce wasan zai taimaka wa harshen Abba, kuma in bai riƙa gwada magana a watannin nan ba, abin da ya tafi zai yi wuyar dawowa. Wannan maganar ta ƙi fita daga kaina.

Baba Shawulu na shigowa ya ce, "Bakano, ashe tsoron Bazazzagi ne ya kwantar da kai?" Abba ya yi dariya da rabin baki.

Ni na zauna a gefensa ina riƙe masa katakon haruffa, don hannun dama bai dawo ba. Da hagu ya jera harvest. Bakinsa ya yi ta motsi, ba abin da ya fito. Na ce, "Girbi." Ya gyaɗa kai. Na ji digirin Turancina ya yi rana.

Talata, 7 ga Mayu

Har yanzu ba a fitar da sunayen bautar ƙasa ba. Gara ma, wa zai zauna da Abba?

Asabar, 11 ga Mayu

Na kwana biyu ina bitar ƙamus don kada a kama ni da kuskure. Abba ya jera anchor, na faɗi ma'ana. Ya jera timber, na faɗa, har da bambancinsa da itacen girki. Da ya jera ta gaba, ina buɗe baki ya sa hannu ya share allon, haruffa suka watse har ƙarƙashin kujera. Malam Yahaya mai gadi ne ya taya ni tsincewa.

Ban gane ba. Duk ma'anonin daidai ne, na sake dubawa.

Laraba, 15 ga Mayu

Abba ya daina ko "ruwa" da yake cewa. Nuni kawai yake yi. Umma ta ce gajiya ce, amma ta faɗa ne tana kallon bango.

Asabar, 18 ga Mayu

Abba ya ƙi fitowa. Baba Shawulu ya zauna shi kaɗai a baranda, ya sha shayinsa, bai ko buɗe allon ba. Na raka shi mota ina ba shi haƙuri.

Na ce, "Baba, ko akwai wadda na faɗa ba daidai ba?"

Ya ce, "'Yata, ke da kika fi ƙamus? Babu." Ya tsaya neman makulli a aljihu. "Amma ni na koyar da Turanci tun kafin a haife ki, na san anchor. Ba ma'anar nake zuwa ji ba tun daga unguwar Gama. Muryar wancan Bakanon nake zuwa ji."

Na ce ai yana wahala, ba na iya kallo.

Ya ce, "To ki kalli bishiya."

Lahadi, 19 ga Mayu

Ni fa taimako na yi. Kowa ya ga bakinsa yana rawa haka zai yi abin da na yi.

Alhamis, 23 ga Mayu

Bayan la'asar na kai masa kunu, na durƙusa na ce, "Abba, a gaya wa Baba Shawulu ya zo jibi?" Ya daɗe yana kallona. Na san me zai ce, kalmar ta zo min har bakin leɓe, na cije. Can ya nuna ni da yatsa.

"Ke." Ya huta. "Shiru."

Na ce to. Na shiga kicin na yi kuka, ban san na haushi ne ko na mene ne ba. Kalma biyu dai ya faɗa, kuma shi ya nemo su.

Asabar, 25 ga Mayu

An buga wasan. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya kamar 'yar firamare.

Abba ya jera orchard. Baba Shawulu ya ce, "Alhaji, doka." Ya jingina, ya ɗauki kofinsa, kamar ba shi da inda za shi har gobe. Bakin Abba ya fara motsi. Gumi a goshinsa. An daɗe, har mai shara ya wuce layinmu ya dawo. Ma'anar tana ƙona min harshe.

Sai ya ce, "Man... mangwaro. Na Baffa. Ringim."

Baba Shawulu ya buga cinya. "Kai, Bakano! Ko ma'ana aka tambaye ku sai kun tallata gonar gidanku!" Ya juyo gare ni. "Malama mai digiri, an yarda?"

A ƙa'ida, kalmar na nufin duk wani lambun itatuwa masu 'ya'ya, ba mangwaro kaɗai ba, kuma babu Ringim a ciki. Na san wannan sarai.

Na ce, "Haka take."

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, lokacin bayani ne bai samu ba. Abba ne ya sha kaye a wasan, ya kira Baba Shawulu ɓarawo, kalmar ta fito tas. Abba ya ce min in kawo ƙarin shayi, kuma na bari sai da ya kai ƙarshen maganar kafin na tashi.