Tambayoyi Arba'in na Malam Gwadabe

Haɗeja, Litinin

Zuwa ga 'yata Mairam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara, ina sanar da ke cikin alhini cewa an yi wa tambayoyina arba'in jana'iza ranar Juma'a, ko gayyata ba a aiko mini ba. Kwamitin jarrabawa na makarantarmu ta koyon aikin jinya ne ya yi musu wanka da jan biro. Wai ba sa auna ilimi. Shekara goma sha tara ina tsara wa 'yan ajin ƙarshe tambayoyin nan masu amsa huɗu a zaɓi ɗaya. Yau yaran da na koya wa riƙon sirinji ne ke cewa in gyara kafin Alhamis, ko a cire nawa a sa na abokin aikina Abdulmannan, wanda tambayarsa ba ta fi atishawa tsawo ba.

Na san kina cikin kwamitin, ko da yake kin gudu Kirikasamma duba ɗalibai. Faɗa mini wanda ya yi wannan aika-aika.

Kawunki,
Gwadabe

Kirikasamma, Talata

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida Inna Saudatu. Ka yi haƙuri, jan biron nawa ne.

Kawu, a kusan kowace tambaya taka, amsar daidai ita ce mafi tsawo. Ukun bogi kakan jefo su kalma biyu-biyu, ta gaskiyar kuwa ka yi mata ado da dalili da sharaɗi har layi biyu. Tun muna ɗalibai muka sani, 'yan gaba ne ke raɗa wa 'yan baya. Ni kaina na ci tamanin da biyar a darasinka, ban taɓa buɗe babin ƙarewar ruwa a jiki ba. Satina na farko a asibitin ƙauye, lokacin ambaliya, aka kawo wata jaririya a kwale-kwale, gudawa ta zuƙe ta, idanu sun faɗa. Na tsaya riƙe da ledar ƙarin ruwa, ban san nawa zan ɗaura mata ba. Wata tsohuwar nas ce ta ture ni gefe. Yarinyar ta rayu, amma ba ni na cece ta ba.

Ɗalibai sittin da biyu za mu sallama bana. Allah ya huci zuciyarka.

'Yarka,
Mairam

Haɗeja, Laraba

Mairam,

Sallama. Ashe a gidana aka wasa wuƙar. Lalacinki na ƙin karatu kuma yanzu ni za a ɗora wa? Amsar daidai takan yi tsawo ne domin aikin jinya yana da sharuɗɗa, ba cinikin kifi ba ne. Kuma ban yarda mutum zai ci jarrabawata da ƙidayar kalmomi ba. Ku dai kun karanta wani littafin Turawa ne kuna neman wanda za ku gwada a kansa.

Zan rufe bakinku yau. Zan ba Innarki Saudatu takardar bayan la'asar. Kin san ba ta jin Turanci, iliminta na magani kuma ya tsaya a farasitamol. Ba zan gaya mata komai ba. In ta wuce goma, wanda ko akuya za ta samu da canke, ki kira ni duk sunan da kika ga dama.

Ki huta lafiya, in kin iya.
Gwadabe

Haɗeja, Alhamis

Mairam,

Assalamu alaikum. Talatin da huɗu ta ci. Da tef ɗin awon ɗinkinta ta bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, tana zaɓar mafi tsawo. Na tambaye ta wa ya tsegunta mata, sai ta ce, "Malam, shekara ashirin da shida muna tare. Yaushe ka taɓa gajarta magana in kana da gaskiya?"

Ki roƙa mini kwamiti su ƙara mini zuwa Litinin, zan sake su duka. Ni ne na yi kuskure.

Kawunki,
Gwadabe