Kofunan shayin Malam

Lyon, Laraba da dare

Sai yau na gane yaƙin basasar nan na Amurka. Gobe ɗiyata Hadiza za ta yi bayaninsa gaban 'yan ajinsu, kuma tun rasuwar babanta ba ta da mai saurarenta. Na ce ta gwada da ni.

Ta ɗauko kofunan shayin Malam, marigayi mijina, waɗanda na kasa taɓawa wata biyar. Ta jera wasu ta ce Arewa ke nan, wasu Kudu, masu gonakin auduga da bayi. Ƙwayoyin sukari kuma sababbin jihohi ne, ana ta jayayya a kansu: a yi bauta a ciki ko a hana. Kudu ta ɓalle, aka gwabza, daga ƙarshe aka soke bautar.

Na ce, "To su bayin, zaune suka yi suna jira?"

Ta ce, "Haba Inna, su ma sun ɗauki bindiga! Wallahi kin fi Baba tambaya."

Muka yi dariya har da hawaye. Na dafa shayi a butarsa, muka shanye jihohin duka.

Labarin kakata da aka sayar a kasuwa, Malam kaɗai ya sani. Ban gaya wa Hadiza ba tukuna.