Bini-da-zugun da muka dasa

Zuwa ga 'yata Hadiza, Uwata ta kaina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da innarki da ƙannenki a Damagaram, ina sanar da ke cewa ubanki ya zama injiniya, amma na wuni guda.

Kin tuna saƙon muryar da kika aiko mini, kina bayanin yadda a lakwal, makarantarku, kuke mai da man girki ya zama man inji? To, rabinsa na saurara. Wanda ya gudu daga aji huɗu ai ba ya jiran ƙarshen darasi. Gazuwal, wato man dizal, ya yanke a nan Sabha, layin gidan mai har ido ya gaji da bi, a ƙasar da mai ke kwance ƙarƙashin ƙafafunmu. Sai na je wurin mai suyar kaji a unguwar Mahdiya na karɓo tsohon mansa, na tace da yagaggiyar singiletina, na ɗura wa janaretan garejinmu.

Ya tashi kuwa, Uwata! Na dinga yawo ina buga ƙirji, wai 'yata ce ta koya mini. Layi ya ɗume da ƙamshin suya, har wani direba ya leƙo neman abinci. Kafin la'asar inji ya yi tari irin na tsoho, ya yi shiru. Mudir, mai garejin, ya wanke ni da Larabcin da ban taɓa ji ba. Da na koma na ƙarasa saƙonki, ashe sai an haɗa man da magani, an bar shi ya kwanta, an wanke shi. Yanzu sunana Injiniya Mai Suya.

Zagin bai dame ni ba. Ƙamshin ne ya kayar da ni. Na ga innarki gaban kasko, ke kuma kin laɓe bayanta kina satar ƙosai mai zafi kina hura yatsu.

Kakarki mai sunanki takan jera 'ya'yan bini-da-zugu a tsinke ta kunna, in kananzir ya ƙare, don in yi karatu. Wutar ta yi aikinta, ni ne na yi barci. Takan ce, abin da ƙasa ke tsirarwa ba ya ƙarewa, sai dai hannu ya yi ƙiwa.

Ran da zan taho kin riƙe mini riga, kin ƙi saki. Na karyo reshen bini-da-zugu muka dasa bayan ɗaki, na ce da zarar ya yi 'ya'ya za ki gan ni. Wayo na yi miki don ki sake ni. Ke kuwa kika riƙa ba shi ruwa da ɗan gwangwaninki, kina duba shi kowace safiya.

Yanzu innarki ta ce ya zama shinge, ya fi ki tsawo, da shi kike tatsar man da za ki nuna a jarrabawarki ta ƙarshe. Na keta sahara ina bin ƙasar mai, ashe na baro nawa yana toho a bayan gida. Na rijiya wata rana zai ƙafe. Naki kuwa, kowace damina sai ya dawo. Ya fi ni cika alkawari.

Da kina tambayata yaushe zan zo. Bana ba ki tambaya ba, bayanin inji kawai kika yi. Wannan ya fi zagin mudir zafi.

Allah Ya ba ki sa'a, Ya sa albarka a hannunki, Ya jiƙan mai sunanki, Ya buɗe mini hanyar gida ina da sauran ƙarfi.

Injin mudir na kwance shi na wanke, mun rabu lafiya. Saura ke. Ki ɗebar mini 'ya'yan bana ki ajiye, kada ki tatse duka. Tsinken da hannuna zan jera shi, ke ki kunna.

Ni ne ubanki,
wanda kike bi bashin dawowa.