Gajera da Kofinta

Asabar, 7 ga Satumba

Yau na ƙwato Gajera daga bakin kura. Da na tsaya shan shayi, da yanzu tana gunduwa-gunduwa a motar 'yan gwangwan. Mutumin da ya sayi tsohon gidanmu zai yi gini a baya, ya kira su su kwashe abin da ya kira tarkace. Na isa na tarar har sun kunna wutar yankan ƙarfe. Na ce wanda zai taɓa ta sai ya fara yanka ni.

Ina suka san jif ɗin soja ce ta zamanin yaƙi, kuma ita Baba ya tuƙa yana soja? Da aka yi gwanjon motoci bayan yaƙi, bin ta ya yi har ya saye ta. A cikinta muka girma, ni da Yaya. Ba ƙofa, ba rufi, ga ta duƙus, shi ya sa ya raɗa mata Gajera.

Tayoyi sun narke a ƙasa. Wata 'yar bishiya ta huda ƙasan motar ta fito ta tsakanin kujeru. Kaza ta yi ƙwai a wurin zaman direba, ta kuma bi ni da tsatsaga. Da motar janwe muka jawo ta garejina. Duk hanya ina dariya ni kaɗai kamar sabon mahaukaci.

Litinin, 9 ga Satumba

Uwar yara ta leƙo gareji ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan gyara za a yi ko jana'iza?"

Ban gaya mata dalili ba, amma ta sani. Tun da idon Baba ya tafi ya shige ɗaki ya rufe kansa. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu in ka gaishe shi sai "to". Abinci ya koma kamar yadda aka kai. Tagarsa tana kallon filin gareji, amma kullum a rufe. Likita ya ce jikinsa ƙalau, zaman ne zai kashe shi.

In Gajera ta tashi, Baba zai fito. Haka na sa a raina.

Asabar, 14 ga Satumba

Ranar shara. Na fitar da gidan ɓera guda biyu, tsohon takalmi wari ɗaya, tsummoki, ganye buhu guda. Da wani lotsattsen kofin ƙarfe da aka rataye da waya a ƙarƙashin gaban mota, kusa da sandar giya. Na tsinke shi na jefa kan tulin shara. Ni fa ba a barin abu yana lilo a motar da ta bi ta hannuna. Ba banza ba ake kirana Kunne: noti ya kwance a motar da ke wucewa kan titi, ina zaune zan ji.

Tartsatsi, mai waldar da muke raba fili da shi, ya zagaya ta yana tsaki. Rigarsa kamar rariya saboda wuta, amma shi ke kushe abin wani. Ya ce tsatsa ce ke riƙe da ita, in aka kankare sai ta zube. Bai gama faɗa ba ya je ya jawo kayan waldarsa.

Alhamis, 19 ga Satumba

Inji ya kafe. Na ɗura masa baƙin mai da kananzir, kowace safiya in ɗan gwada juya shi da ƙarfe. Ko gezau.

Asabar, 28 ga Satumba

Ya motsa! Kamar faɗin yatsa kawai, amma ya motsa. Na rungume Tartsatsi, ya ce in sake shi kar mutane su ɗauka biyan bashi na yi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na kwance inji gaba ɗaya, na shimfiɗa shi kan tamfol. Mutanen zamanin da sun iya ƙera abu. Ba wayoyi barkatai, ba kwamfuta, kowane noti yana inda hannu zai kai, don an yi ta ne yadda soja zai gyara ta a daji da sufana biyu. Fistin ɗaya ya tsage. Na zagaye kasuwar kayan mota har ƙafata ta yi ciwo, kowa sai ya juya shi ya ce bai taɓa gani ba. Daga ƙarshe wani dattijo a lungu ya shiga bayan shagonsa ya daɗe, ya fito da shi naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya ce ya san wata rana wani mahaukaci zai zo nema.

Na shiga na gaishe da Baba da hannuna duk baƙin mai. Ya ɗan shaƙi iska.

Talata, 8 ga Oktoba

Tartsatsi ya gama ƙasan motar. Aiki kamar ɗinki. Kada Allah ya sa ya ji na faɗa.

Akwai wata lotsawa a gefen hagu, saman taya, zurfinta kamar tafin hannu. Tana ci min rai. In an zo fenti zan buge ta ta miƙe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Gajera ta yi magana. Na sa sabon batir, na zuba ɗan fetur a kafireta, na taka. Ta yi tari, ta yi shiru. Na sake. Tari, atishawa, sai ta ɗauka, hayaƙi ya turnuƙe fili har kajin uwar yara suka watse. Tartsatsi ya cire gilashin waldarsa yana taka rawa, shi da ke cewa ƙugunsa na ciwo.

Uwar yara ta ce a lokacin tana ɗakin Baba ta kai abinci. Ta ce ya ajiye cokali, ya karkata kai wajen taga, ya daɗe a haka. Sannan ya cinye abincin tas.

Yau ko an zage ni sai in ce na gode.

Litinin, 21 ga Oktoba

Birki, kuloci, tayoyi, salansa. Na bi ta noti bayan noti na ɗaure. Duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe na sa roba. Na zagaya layi da ita na dawo, ba ƙis ba ƙas, sai muryar inji kaɗai. Ina jin ko ranar da aka ƙera ta ba ta kai haka shiru ba. Maleji, agogon auna gudu, shi kaɗai ya ƙi, allurarsa a kwance take tun ina yaro.

Ban jira fenti ba. Mai gani ake yi wa fenti.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yaya ta zo, ita ce kaɗai ke iya masa. Ta lallaɓa, ta yi fushin ƙarya, har ya yarda ya fito. Na riƙe hannunsa zuwa fili. Ashe ya rame haka.

Ya shafa bonet, ya shafa sitiyari, ya bi lotsawar nan da yatsa. Na zaunar da shi a gefena na tayar. Muka fita layi, na sa giya ta ɗaya, na ƙara wuta, na sa ta biyu. Ina satar kallonsa. Ya karkata kai kamar mai jiran a kira sunansa. Ya miƙa hannu ƙarƙashin gaban mota ya laluba, ya mai da hannun cinyarsa.

Da muka dawo ya ce, "Ka yi aiki mai kyau, Allah ya yi albarka. Amma ba ita ba ce."

Ya koma ɗaki. Na ji an ja taga.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban shiga gareji ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Yaya ta same ni zaune kan tsohuwar taya, na yi tagumi. Na ce mata lambar shasi ita ce, inji shi ne, me kuma ya rage? Ta hau motar ta zauna ta dudduba, sai ta ce, "Kai Kunne, ina kofi?"

Na ce wane kofi.

Ta ce ni ƙarami ne a lokacin, amma ita tana tunawa. Da yake maleji ba ya aiki, Baba da kofin nan yake tuƙi. In inji ya kai inda ya kamata a canza giya, sai kofin ya fara kaɗawa yana bugun ƙarfe, mu kuma a baya mu haɗa baki mu ce kofi ya yi magana, shi kuma ya canza. Tana faɗa na ji ƙarar a kunnena. Na san ta. Wallahi na san ta.

Yaya ta ce, "Garin neman gira..." sai ta kama bakinta.

Tulin sharar kuwa tuni na ba 'yan gwangwan, da hannuna.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na yini a wurin 'yan gwangwan ina tonon ƙarafa. Suna min dariya, wai ga mai jif ya dawo neman kofi. Na dawo hannu rabbana, har da yanka a yatsa.

Ina wanke hannu a tsakar gida, uwar yara na ba kaji dusa. Da me take ɗiba? Na tsaya ruwa na zuba. Ta ce tun ranar shara ta tsince shi, kofi mai ƙwari haka a zubar? Na ce ba ni. Ta ɓoye shi a baya ta ce sai na kawo wa kajinta wani. Na ɗauko mata kofin shayina, wanda ba na bari kowa ya taɓa. Ta karɓa ba kunya.

Matar nan, Allah ya bar mu tare.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na so in rataye shi daidai kafin in gaya wa Baba. Ashe rataye kofi ma ilimi ne. In wayar ta yi tsawo, tun inji na zaune yake ƙara. In ta gajarta, sai ya yi gum ko na taka totur har ƙasa. Tun safe ina yi, in taka, in saurara, in kwance, in ɗaura. Tartsatsi ya ce shekara nawa ina korar ƙara daga motocin mutane, yau ga ni ina roƙonta.

Wajen la'asar ina kwance ƙarƙashin sitiyari sai na ji sanda tana bugun ƙasa. Na leƙo. Baba ne, shi kaɗai, ba takalmi, yana bin bango.

"Wane ne ke wulaƙanta min kofi tun safe?"

Na ce ni ne, Baba.

"Na sani. Matsa."

Ya zauna, ya karɓi wayar, ya auna da yatsunsa, ya murɗa ta a wani ɗan ƙugiya da ban ma lura da shi ba. Kuma ba da gindi ake rataye shi ba, bakinsa ne ke fuskantar ƙarfe. Ya ce taka. Na taka a hankali. Inji ya hau, ya hau, sai ga shi: ƙil-ƙil-ƙil-ƙil.

Baba ya ce, "Sannu, Gajera."

Na ce hayaƙi ne ya shiga min ido. Tartsatsi ma wai hayaƙi.

Har magariba yana zaune a ciki yana mana faɗa. Wai na ɗaure ta tamau kamar ragon da za a kai kasuwa. Wai fambel, belin fanka, ya yi tsauri. Na duba, bai yi ba, amma na sassauta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tagar a buɗe take tun asuba. Ta nan yake ba da umarni. Ya nemi ƙarin abinci, ya kuma ce gishiri ya yi kaɗan. Uwar yara ta fito tana murna an kushe girkinta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun tafi babban filin bayan gari inda ake koyon mota. Ba kowa. Yaya da uwar yara a baya, Tartsatsi a maƙale a gefe. Na tsaya a tsakiyar fili na sauka na zagayo, na ce Baba matsa wurinka.

Ya ce, "Kana da hankali kuwa? Makaho?"

Na ce sitiyari nawa, ƙafa da giya naka. Bai sake musu ba.

Motar ƙarama ce, ina zaune a gefe hannuna na kai wa sitiyari. Ya taka kuloci, ya sa ta ɗaya, muka tashi ko girgiza babu. Inji ya hau. Kofi ya kaɗa. Daga baya Yaya, mai jikoki, ta rangaɗa murya: "Kofi ya yi magana!" Baba ya taka kuloci sau biyu irin na da, giya ta shige sumul. Ni da na gyara ta ban taɓa sa ta ba tare da ta yi gurnani ba.

Muka yi ta zagaye. Iska ta ɗauke hularsa, ya ce a bar ta. Yana dariya har da tari. A wani wuri ma na lura hannuna ba ya kan sitiyarin, sai na yi maza na mayar.

A hanyar gida na tambaye shi kofin na waye. Ya ce na abokinsa soja ne, wanda ke zama inda nake zaune ɗazu. Shi ya rataye shi ranar da maleji ya mutu. Lotsawar gefen hagun kuwa, ranar da ta samu ita ce ranar da Baba ya dawo daga fagen yaƙi shi kaɗai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An yi fenti, kore irin na soja. Ta yi kyau. Baba ya shafa ya ce ya ji ƙamshin, ya isa. Yanzu kujerarsa a bakin gareji take, yana sauraron motocin mutane yana faɗa min ciwonsu kafin in buɗe bonet. Rabi yana daidai.

Wani ya kawo mota ɗazu a duba birki. Akwai wata 'yar ƙara a ƙofar baya, na ji ta tun daga titi. Na ɗauki sufana, sai na ji kaina ina tambayarsa ko yana son a cire ta. Tartsatsi ya ɗaga gilashinsa ya zuba min ido. Tambaya ce kawai.

Tartsatsin ya kuma tuna min da lotsawar Gajera, wai ba na ce zan buge ta ba? Na ce aiki ya yi yawa, ban samu lokaci ba.

Na bi ta da fenti a hankali, da ƙaramin buroshi, don kada ya cike ta.